Daraja da Mataki: Yadda Ake Karanta Takardar Gwajin Sankarar Mama

Wata rana bayan an tashi daga aji, ɗaya daga cikin ɗalibaina ta ƙi fita. Sai da ta ga kowa ya watse, sannan ta kwance bakin mayafinta ta ciro wata takarda da aka ninke gida huɗu, har ta fara yin laushi saboda yawan buɗewa. Ta ƙanwarta ce, wadda aka cire wa kullutu a mama.

"Malama, duba min nan," ta ce, tana nuna wani layi da yatsa. "Yaron maƙwabtanmu ya karanta mana, ya ce uku ce. Mu kuwa mun ji ana cewa huɗu ce ƙarshe. Ke nan saura ɗaya?"

Kwana biyu ke nan, in ji ta, ba a ɗora tukunyar kirki a gidan ba. Na ce, "Hajiya, zauna tukuna. Ukun da yaron ya gani daban, huɗun da kuka ji daban. Ba tsani ɗaya suke hawa ba."

Wannan ruɗanin ya yi yawa a tsakaninmu, kuma ba laifin kowa ba ne. Mu Hausawan Gadarif ta Sudan harshe uku muke fama da shi idan mun shiga asibiti: tunaninmu da Hausa, bayanin likita da Larabci, takardar natija kuma da Ingilishi. A wannan darasi za mu bi takardar layi-layi, mu ga abin da likita yake dubawa kafin ya ce ga yadda yake hasashen ciwon zai kasance, ga kuma maganin da ya dace. Ciwon da ake magana shi ne wanda muke kira sankara ko daji, Larabawa su ce saradan. A shekarar 2022 mata kimanin miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar mama a duniya, kuma a Sudan ita ce kan gaba cikin sankarorin mata. A tuna kuma tun daga farko cewa mafi yawan kullutun da ke fitowa a mama ba sankara ba ne. Gwaji ne kaɗai ke rarrabewa.

Darajar ƙari

Idan aka tsakuro nama da allura, ko aka cire ƙarin duka a tiyata, ana kai shi ɗakin gwaje-gwaje. A can za a daskarar da shi cikin wani kaki na musamman, a yanka shi siriri fiye da fatar albasa, a rina shi, a ɗora kan gilashi. Sai wani likita da mai jinya ba ta cika ganin fuskarsa ba, wato masanin cututtukan tsoka, ya zauna gaban madubin ƙara girma ya yi wa naman tambaya uku.

Tambayar farko: shin ƙwayoyin nan suna tuna aikinsu? Lafiyayyen mama cike yake da ƙananan bututu da ruwan nono ke bi, kuma ƙwayoyin halittarsa kan jeru su yi zobe, da rami a tsakiya. Sankarar da ba ta yi nisa da asalinta ba tana ci gaba da gina irin waɗannan zobba. Idan fiye da kashi 75 cikin 100 na ƙarin ya yi bututu, maki 1. Idan tsakanin kashi 10 da 75 ne, maki 2. Idan bai kai kashi 10 ba, ƙwayoyin sun cunkushe kamar taron kasuwa, babu layi babu tsari, maki 3.

Ta biyu: yaya kamannin cibiyar kowace ƙwaya? Idan ƙanana ne masu kama da juna kamar tsabar riɗi da aka tankaɗe, maki 1. Idan wata ta kumbura, wata ta karkace, wata ta ninka 'yar'uwarta girma, makin sai ya hau zuwa 2 ko 3.

Ta uku ita ce ta ƙidaya. Likitan zai zaɓi inda ƙarin ya fi tsananin aiki, ya duba fili 10 a madubin, ya ƙirga ƙwayoyin da ya kama suna tsakiyar rabuwa gida biyu. Yawansu shi ke nuna saurin haihuwar ciwon. Nan ma maki 1 zuwa 3.

Sai a tara. Mafi ƙanƙanta 3, mafi yawa 9. Jimla 3 zuwa 5 ita ce daraja ta 1. Jimla 6 ko 7, daraja ta 2. Jimla 8 ko 9, daraja ta 3. Daga nan ta tsaya, babu daraja ta 4 a wannan ma'auni. A takarda wani lokaci za ku ga harafin G da lamba a gabansa, ko a rubuta lambar da sanduna, I, II, III. Kalmar daraja dai a nan ta juya mana baya, domin a wurinmu mai daraja shi ne na kirki, amma a sankara mai babbar daraja ita ce mai rashin kunya.

Wannan hanya ba jiya aka fara ta ba. Wasu likitoci biyu a Landan, Bloom da Richardson, su ne suka tsara ta a 1957. A 1991 Elston da Ellis, a birnin Notingam na Ingila, suka gyara ta, suka sa wa kowace tambaya iyaka bayyananniya don kada likitoci biyu su dubi nama ɗaya su yi ta saɓani. Shi ya sa sunan wannan birni yake yawan fitowa a takardun da ake ba mu. Duk da gyaran, idon mutum ne yake dubawa, kuma ɗan naman da allura ta tsakuro bai zama dole ya nuna halin ƙarin gaba ɗaya ba. Kada ku yi mamaki idan takardar farko ta ce 2, ta bayan tiyata ta ce 3. Ta biyun ce aka fi dogara da ita.

Wani abu kuma da ya kamata Hajiya ta ji, na kuwa faɗa mata: ƙwayoyin da ke gaggawar rabuwa su ne maganin kimawi, wato ruwan maganin sankara da ake ƙarawa ta jijiya, ya fi kamawa. Sau da yawa ƙari mai daraja ta 3 yakan narke da kimawi fiye da mai daraja ta 1.

Mataki, wato marhala

Duk manomin dawa a ƙasar Gadarif ya san ƙuduji, wanda maƙwabtanmu ke kira buda. Idan ya shiga gona tambaya biyu ce. Wane irin ƙarfi gare shi? Sannan ina da ina ya ci? Daraja ita ce amsar ta farko. Mataki shi ne amsar ta biyu, kuma shi ne yake da hawa huɗu.

Haruffa uku ake auna shi da su, tsarin da likitan Faransa Pierre Denoix ya ƙirƙiro a shekarun 1940. Harafin T girman ƙari ne. Wanda bai wuce santimita 2 ba, kwatankwacin faɗin babban yatsa, shi ne T1. Daga nan zuwa santimita 5, T2. Wanda ya haura 5, wato ya kai ƙwan kaza ko ya fi, T3. Idan ya manne da ƙirji, ko ya fasa fata ya zama gyambo, ko fatar ta yi kauri da ramuka kamar ɓawon lemo, T4 ne, komai girmansa.

Harafin N na kaluluwa ne. A hammata akwai ƙananan ƙullalai da ke tace ruwan da ya fito daga mama, kuma nan ne zangon farko idan sankara ta ɗauki hanya. Likitan tiyata yakan ciro wasu a duba. Idan kun ga an rubuta 3/12, ma'anarsa an ciro 12, an sami ciwon a cikin 3. Idan 0/12 ne, ku yi hamdala. Ɗaya zuwa 3 shi ne N1, 4 zuwa 9 N2, 10 zuwa sama N3. Cikin duk abin da ke takardar, in dai ciwon bai tafi nesa ba, wannan layin yana cikin waɗanda suka fi nauyi, kuma ni da za a ce in zaɓi layi ɗaya kawai in karanta, shi zan zaɓa.

Harafin M shi ke faɗin ko ciwon ya yi ƙaura zuwa ƙashi, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa. Ba a gane wannan daga naman mama, sai da hoto. M0 babu, M1 akwai, kuma M1 shi ne mataki na 4. A wannan matakin ba a cika maganar warkewa ɗungurungum ba, amma ana magani, ana rage ciwo, kuma akwai matan da ke shekaru suna harkokinsu. Daga mataki na 1 zuwa na 3 kuwa, da niyyar warkarwa ake yin magani.

Bari mu yi lissafi

Tunda a ajin nan mun koyi sau da tarawa, ga inda za su yi mana amfani. Likitocin Notingam sun haɗa abubuwa uku cikin lissafi ɗaya tun 1982. A ɗauki girman ƙari da santimita a yi sau 0.2. A ƙara makin kaluluwa: 1 idan babu ko ɗaya, 2 idan ɗaya zuwa 3 ne, 3 idan 4 ne ko fiye. Sannan a ƙara daraja. Jimlar da ba ta wuce 3.4 ba hasashenta mai kyau ne, daga nan zuwa 5.4 matsakaici, abin da ya haura 5.4 kuwa mai nauyi.

Ƙanwar Hajiya ƙarinta santimita 1.5 ne, kaluluwa babu, daraja ta 3. Wato 0.3 da 1 da 3, jimla 4.3. Yanzu ku ɗauki wata mai daraja ta 2, wadda danginta za su ce da sauƙi tunda biyu ce, amma ƙarin ya kai santimita 6 kuma ya shiga kaluluwa 5. Wato 1.2 da 3 da 2, jimla 6.2. Mai uku ta fi mai biyu kyakkyawan matsayi, da tazara kuwa. Da a ce ƙanwar Hajiya ta zauna a gida har nata ya kai santimita 6 da kaluluwa 5, da lissafinta ya zama 7.2.

Ku dubi lambobin nan uku da kyau. Daraja ba a hannun mace take ba, halin ciwon ne. Sauran biyun, girma da kaluluwa, lokaci ne yake ciyar da su. Watannin da ake ɓatawa ana shafe-shafe, ana tsaga, ana cewa daji ba ya son ƙarfe, su ne ake biya a wannan lissafi. Allurar gwaji ba ta watsa ciwon, wuƙar likita ma haka. Jinkiri ne yake ba shi hanya.

Akwai bincike da ya taɓa mu kai tsaye. A 2008 Awadelkarim da abokan aikinsa suka wallafa kwatancen masu sankarar mama na tsakiyar Sudan da na arewacin Italiya. Matsakaicin shekarun matan Sudan 52, na Italiya 63. Matsakaicin girman ƙari a Sudan milimita 48, a Italiya 22. Masu daraja ta 3 a cikin na Sudan kashi 68 cikin 100, a cikin na Italiya kashi 21. Masu binciken sun karkata ga cewa mafi yawan bambancin daga makarar zuwa asibiti yake, ba wai jikin matanmu yana haifar da wata sankara ta daban ba. Ku zana layin milimita 22 da na 48 a littafinku, ku ga tazarar da idonku.

Lissafin nan dai ma'aunin jama'a ne. Yana faɗin abin da ya faru da ɗaruruwan mata masu irin wannan lamba, a wata ƙasa, kafin zuwan wasu magungunan yanzu. Bai san ajalin kowa ba.

Haruffan da ke zaɓar magani

Can ƙasan takarda, ko a wata takarda ta biyu da ake biya daban, akwai ER, PR da HER2, kowanne da alamar tarawa ko ta ɗebewa a gabansa. Mutane da yawa sukan bar wannan gwajin saboda kuɗi. A ganina wannan tsimi ne mai tsada, domin shi ne yake nuna ƙofar da magani zai shiga. Tun 2018 ma tsarin mataki na Amurka ya shigar da daraja da waɗannan haruffa uku cikin lissafinsa.

ER da PR na nuna ko ƙarin yana cin abinci daga sinadaran jikin mace, istirojin da furojestaron. Tun 1896 wani likita a Gilasgo, George Beatson, ya lura cewa cire ƙwan mace yana sa sankarar mama ta ja baya a wasu mata. Yau ƙwayar magani ce ke yin wannan aiki. Idan ER ya nuna alamar tarawa, labari ne mai daɗi, ko da yake kalmar "akwai" a takardar asibiti takan tsorata mutane. Mai irin wannan za a ba ta tamoksifen, ƙwaya ɗaya kullum shekara 5 zuwa 10, ko wani maganin kamar letirozol idan ta daina haila. Shekara 5 na tamoksifen yana rage mutuwa daga ciwon da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ƙwaya ce mai araha, matsalarta ɗaya: mace takan ji ta warke a shekara ta biyu ta ajiye. Irin wannan sankara kuwa mai haƙuri ce, tana iya dawowa bayan shekara 10 ko fiye. Ba a shan tamoksifen da ciki, don haka mai son haihuwa ta yi shawara da likita tun kafin ta fara.

HER2 wani furotin ne da ke zuga ƙwaya ta yi ta rabuwa. Kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na sankarar mama suna da shi fiye da kima. Dennis Slamon a Amurka ya nuna a 1987 cewa masu shi ciwonsu ya fi saurin dawowa, sai kuma a 1998 aka amince da maganin da ke toshe shi, wanda aka fi sani da Herceptin. Ana rubuta sakamakon 0, 1+, 2+ ko 3+. Biyun farko babu, 3+ akwai, 2+ kuwa shakka ce, sai an sake wani gwajin. Maganin yakan ɗauki shekara guda kuma yana da tsada, gaskiyar ke nan.

Idan duka ukun suka nuna babu, tamoksifen ba zai yi aiki ba, Herceptin ma haka, kimawi ne babban makami. Wannan nau'in ya fi yawa a mata masu ƙarancin shekaru da matan Afirka, kuma shi ne wanda bai yarda da tsallake zama ko ɗaya na kimawi ba.

Sauran layukan za mu wuce su da sauri. Ki-67 kaso ne na ƙwayoyin da ke shirin rabuwa, ɗan'uwan tambaya ta uku ne. Akwai layin da ke faɗin ko an ga ƙwayoyin ciwon a cikin ƙananan jijiyoyin da ke kewaye da ƙarin. Akwai na gefe, wato ko likita ya yanko da lafiyayyen nama zagaye da shi, in kuwa ciwon ya taɓo bakin yanka, akan koma tiyata. Shekarun mace ma ana dubawa, don ta ƙasa da 35 ciwonta yakan fi zafi. Idan kuma an fara da kimawi kafin tiyata, aka zo aka duba ba a sami ragowar ciwon ba, wannan yana cikin alamu mafi kyau.

Kwalbar da ke hannunku

A nan ne dangi suke da aiki, kuma a nan nake so mu daɗe kaɗan. Duk abin da muka karanta a sama ya dogara ne ga halin da naman ya isa ɗakin gwaji. Na taɓa ganin wani dattijo ya sauko daga mota riƙe da robar da aka ɗaure bakinta da leda. Maman matarsa ne a ciki, an cire a wani wuri da ba zan ambata ba, an miƙa masa cikin ruwan gishiri, ya kwana uku da shi a hanya cikin zafin bazara. Ya riƙe robar da hannu biyu kamar mai riƙon jariri. Naman ya riga ya lalace, babu madubin da zai karanta shi daidai.

Ƙa'idar ita ce naman ya shiga ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 kafin awa ɗaya da cire shi, ruwan ya rufe shi sosai har ya ninka shi yawa, kuma ya zauna ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. Idan babba ne, sai likita ya tsattsaga shi don ruwan ya ratsa ciki. Idan aka saɓa, ƙidayar ƙwayoyi masu rabuwa takan ragu, ER kuma yana iya nuna babu alhali akwai. Ku duba asarar: mace ta rasa ƙwayar da za ta tsare ta shekaru, saboda ruwan da aka zuba a roba. Kafin ku karɓi kwalba, ku tambaya, cikin ladabi, ko fomalin ne a ciki. Ku sa a rubuta suna da rana da lokacin tiyata a jikinta. Kada a sa ta a firiza, kada a bar ta a rana, kada ta kwana a gida ana jiran a tara kuɗin mota.

Bayan an gama gwaji, naman yana nan cikin ɗan kakin nan mai kamar akwatin ashana, kuma yana shekaru bai lalace ba. Kuna da damar neman sa idan za ku koma wani asibiti. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya koya mana muhimmancin wannan. Kafin nan mutanenmu sukan tafi cibiyar gashi, wato ƙona sankara da haske, ta Khartum, wadda aka buɗe a 1967, ko Cibiyar Sankara ta Ƙasa da ke Jami'ar Jazira a Wad Madani. Khartum ta rufe, Madani ta bi baya a Disamba 2023, masu jinya suka watsu, da yawa suka sauka nan Gadarif, masu neman gashi kuma suka riƙa dogon zango zuwa Marawi a arewa. Wadda ta iso da takardunta, an ɗora mata magani daga inda ta tsaya. Wadda ta bar su a aljihun tebur, sai a koma tambayar ta launin ruwan da ake ƙara mata.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirin da ta ƙaddamar a 2021, ta sa buri uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu ciwon a mataki na 1 ko na 2, a kammala gwaji cikin kwana 60 daga zuwan mace asibiti, kuma kashi 80 cikin 100 su kai ƙarshen maganinsu. Kwana 60 ɗin nan ku riƙe shi. Idan wata biyu ya cika babu natija, ku koma ku tambaya, ba rashin kunya ba ne. Maza ma su saurara, domin kusan ɗaya cikin 100 na masu sankarar mama namiji ne, kuma takardarsa haka ake karanta ta.

Aikin gida: ku lissafa jimlar mace mai ƙari santimita 3, kaluluwa 2/14, daraja ta 2, ku faɗi rukunin da ta faɗa. Sannan kowa ya rubuta a bayan littafinsa tambayoyi biyar da zai yi wa likita, da Hausa da Larabci: daraja nawa, marhala nawa, kaluluwa nawa cikin nawa, me ER da PR da HER2 suka nuna, kuma maganin na warkarwa ne ko na sassautawa. Wanda yake da mai jinya a gida, ya ɗauki hoton kowace takarda da waya yau ɗin nan, ya tura wa ɗan'uwa ɗaya da ke wani gari.